Tsinken Awon Ƙafar Mama

A garinmu, can kudancin jihar Kaduna, ba a kai ƙafa kasuwa, tsinke ake aikawa. Idan bikin Kirsimeti ya matso, uwa takan tsayar da yaranta a tsakar gida, ta zaro tsinken tsintsiya, ta sa kowa ya taka nasa daga diddige zuwa bakin babban yatsa, ta karye abin da ya yi saura. Sai ta ɗaura wa kowane tsinke zare mai launi dabam don kada a rikita na wannan da na wancan, ta ba duk wanda Allah ya sa zai je birni. Da tsinke aka sayo mini takalmina na farko. Da tsinke kuma na riƙa saya wa ƙannena nasu bayan na zo Kaduna na sami aiki a masaƙa.

Duk shekara direban a-kori-kurar da ke jigilar citta daga yankinmu yakan kawo mini ƙullin tsinkayen, jan zare na wane, shuɗi na wance. Ban taɓa ganin na Mama a ciki ba. Mahaifiyata ba ta sa takalmi, ko silifas. Tafin ƙafarta ya yi kauri kamar gindin tukunya, diddigenta duk faso. Takan taka ƙaya a hanyar gona ta wuce abinta, sai da yamma ta zauna ta ciro ta da allura tana ba mu labari. Idan na ce zan saya mata, sai ta ce, "Ki saya wa masu zuwa makaranta. Ni gona ba ta taɓa tambayata takalmi ba."

Sau ɗaya tak na ji Mama ta so wani abu don kanta. Na je gida hutu a shekarar da aka yi wa majami'ar garinmu daɓen siminti. Ranar Lahadi shugabar zumuntar mata, wadda ɗanta soja ne, ta tashi za ta kai baikonta, wato sadakar majami'a, gaba, sanye da baƙin takalmi sau-ciki mai ɗan tudun diddige. Tana tafe takalmin yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan sabon simintin, har Fasto sai da ya ɗaga kai. A hanyar gida Mama ta ce, kamar da kanta take magana, "Kafin in mutu ina so in ji ƙafata ta yi wannan ƙarar, ko sau ɗaya." Da na juyo na dube ta sai ta yi dariya, ta ce wasa take yi. Ni kuwa na san Mama, na san ba wasa ba ne, na riƙe maganar a raina.

A lokacin muna zaune a Kudenda ni da maigidana, a gidan haya, ɗaki ciki da falo. Shi yana aiki a wani kamfani nan kusa, ni kuma ina hawa bas zuwa masaƙa. Zamanin ne da sojoji suka koya mana bin layi da bulala, sabulu da madara sai an yi dogon tsayi, amma injuna na aiki dare da rana, jiniya tana kiran mutane tana sallamarsu, kowa na da wurin zuwa da safe. Gidan namu kuwa taron dangi ne: mutanen Filato a ɗakin gaba, wata 'yar Binuwai mai sayar da sakwara a na kusa da rijiya, mu a tsakiya. Ba mu da wani abin hannu, amma ban tuna mun kwana da yunwa ba, kuma na ji daɗin zaman nan ƙwarai.

Na haifi 'yata ta fari a tsakiyar damina. Rafin garinmu ya cika ya raba garin da titi, Mama ba ta sami zuwa ba, yayar maigidana ce ta yi mini wanka. Da ruwa ya fara ɗaukewa aka sa ranar da za mu miƙa yarinyar a majami'a mu yi godiya, aka kuma ce kakarta ce za ta ɗauke ta zuwa gaba. Nan na ce lokacin ya yi. Na tare direban citta a tasha na ba shi saƙo da baki: ya ce wa Mama ta aiko da tsinkenta, kuma idan ta ƙi, ya ce mata ni ma na fasa godiyar. Haka nake, idan na sa abu a gaba ba na iya lallashi, sai barazana.

Da ya dawo ya miƙo mini tsinke guda, an ɗaura masa farin zare. Na riƙe shi ina kallo, wai yau ga tsawon ƙafar Mama a hannuna. Ban tsaya jiran isowarta ba, don sai ranar Juma'a za ta zo, godiya kuma ranar Lahadi ce. Gaskiya ma tunanin in kai ta kasuwa da kanta bai zo mini ba. Wa ya taɓa yin haka a gidanmu? Na goya jaririya, na hau bas na haye gada zuwa Tudun Wada, wurin wani Alhaji mai takalma da na saba sayen na ƙannena a rumfarsa.

Alhaji ya san mu da tsinke, ba ya ko tambayar lamba. Ya karɓa, ya riƙa zura shi cikin takalma ɗaya bayan ɗaya, har ya sami wanda tsinken ya kwanta a ciki daidai, da ɗan sarari a gaba. Baƙi ne, sau-ciki, da tudun diddige kaɗan. Na ce ya ba ni in gwada wani abu. Na ɗauki ƙafa ɗaya na ƙwanƙwasa diddigen a kan dandamalin rumfar, ya yi ƙwas. Alhaji ya ce, "Madam, takalmi kike saye ko ganga?" Na ce masa duka biyun. Ya sa mini a kwali, na kawo gida na ɗora a kan kabad, kullum sai na sauko da shi na duba.

Ranar Juma'a da la'asar Mama ta iso, da ƙunshin acca a kai da kaza a hammata, ƙafa duk jar ƙasa. Ta karɓi jikarta ta yi ta juyi da ita a tsakar gida tana yi mata waƙa da yarenmu, matan gidan suna tafi. Na bar ta ta sha ruwa, ta ci abinci, ta wanke ƙafa. Sannan na sauko da kwalin na ajiye a gabanta.

Ta daɗe ba ta taɓa ba. Ta goge hannunta a zane, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta juya shi ta dubi ƙasansa. Na durƙusa na kama ƙafarta ta dama na zura. Yatsu suka shiga, tsakiyar ƙafa ta shiga, diddige ya tsaya a waje. Na tura, Mama ta tura, maigidana ya kawo cokali muka sa ta baya, diddige ya ce bai san zancen ba. Muka gwada ta hagu, ita ma haka. Abin da ya rage a waje bai fi gaɓar yatsa ba, amma ya hana.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, kuma nan take na sami mai laifi. Na ce direban nan ne, ya jefa tsinken a aljihu ya zauna a kai ya karye, ko kuma ya yi sakace da shi a hanya don na san shi da cin nama a kowace tasha. Na wanke shi tas, shi da motarsa da cittarsa. Mama dai tana ta shafa bayan takalmin da yatsa. Maigidana, wanda shi mai sanyin hali ne, ya ce, "Haba Maman bebi, bawan Allahn nan shekara nawa yana kawo miki tsinke bai taɓa karya ko ɗaya ba?" Na ce to yau ya fara.

Mama ta ce a bar shi haka, ai ya yi kyau, za ta riƙe shi a hannu ta shiga majami'a, kowa ya ga 'yarta ta saya mata. Ta faɗi haka tana murmushi, amma na ga yadda ta mayar da shi cikin kwalin a hankali, ta rufe, ta tura gefe. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Matar da ba ta taɓa roƙon komai ba ta roƙi abu guda, ga shi ya zo har gabanta, ya tsaya a diddige.

Maigidana ya ce a wurin aikinsu idan takalmi ya matse mutum, jiƙaƙƙiyar jarida ake cusawa a ciki ya kwana. Muka cusa. Da safe muka ciro, takalmi yana nan yadda yake, sai dai sanyi da warin jarida. 'Yar Binuwai ta leƙo ta ce a shafa man kaɗe ciki da waje. Har Mama ta miƙa hannu za ta karɓi man, na ce a'a, idan mai ya taɓa shi Alhaji ba zai karɓa ba ko da kuka. Na shanya shi a rana ya bushe, na goge da tsumma, na ce wa Mama ta ɗaura ɗankwali, kasuwa za mu.

Ta ce, "Ni? In je in yi me?"

Na ce, "Ƙafar za mu kai, Mama. Na gama da tsinke."

Ta yi ta kawo dalili: kunya ce babbar mace ta miƙa wa namiji ƙafa a bainar jama'a, ga faso, ga mutane. Ban saurare ta ba. Muka bar jaririya wurin babanta muka hau bas. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihun "Tudun Wada! Kasuwa! A shiga da canji!" Mama ta ƙanƙame kwalin a ƙirji. Da muka hau gada ta leƙa ta ga kogin Kaduna, ta ce wannan ruwa duk na mutum nawa ne, ta rufe ido sai da muka sauka. Ni kuwa abin da ke raina ɗaya ne: idan Alhaji ya ƙi canzawa, ko ya ce babu babba, gobe Mama da ƙafa za ta taka simintin Kaduna kamar yadda take taka na gida.

Alhaji ya gaishe ta da girmamawa, ya jawo mata benci. Na zayyana masa komai, har da laifin direba. Ya ciro takalmin ya juya ƙasansa, ya ga ko ƙura babu. Ya kai hanci ya shinshina cikin, ya dube ni ta saman tabarau. "Madam, an ba shi jarida ya karanta ke nan?" Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya ya ce ba komai, ba mu ne na farko ba. Sai ya ce, "Mama, bismilla, ɗora ƙafar nan mu gani."

Mama ta ɗora ƙafa a kan wani ɗan akwati tana kallon gefe. Tsinken yana cikin kwalin, Alhaji ya ɗauko ya kwantar da shi a gefen ƙafarta daga diddige. Tsinken ya tsaya a gindin farcen babban yatsa. Na ce, "Ka gani ko? Ya karya shi." Alhaji ya shiga ciki ya yi ta motsi da kwalaye. Can ya fito da irinsa sak, sai dai ya fi girma. Ya durƙusa ya zura mata. Diddige ya faɗa ciki sumul, kamar dama can gidansa ne. Ya zura ɗayan, shi ma haka.

Mama ta dubi ƙafafunta kamar na wata. Maimakon ta tashi ta taka, sai ta kamo bakin zanenta inda take ƙulle 'yan kuɗinta, ta fara kwancewa. Ta ce, "Alhaji, nawa za a ƙara? Ni zan cika, kada ka karɓi na yarinyar nan."

Ya ce, "Ƙarin me, Mama?"

"Ai wannan ya fi wancan girma."

"Na manya duk kuɗinsu ɗaya ne, Mama. Ƙarami da babba, ba ƙari ba ragi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ta dubi Alhaji, ta dube ni, ta sake dubansa don ta tabbata ba zolayarta yake yi ba. Sannan ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ni! Ashe a banza na rage tsinken."

Na ce, "Kika yi me, Mama?"

Ta ce, "To ai na ga atamfa ma iya tsawonta iya kuɗinta. Na ce ƙafata babba ce, ga ki da jaririya, ga haya, ga ƙannenki. Sai na ɗan karye kaɗan, na ce idan na lanƙwashe yatsu zai shiga." Ta nuna da yatsa iya abin da ta karye. "Ɗan wannan ne fa. Jiya da kike zagin direba na so in faɗa, na ga kin hau sama da yawa, na ce bari ki sauko tukuna."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, maƙwabcinsa mai jakunkuna ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Ni ma na yi dariyar, amma na juya ina kallon takalman da ke rataye don kada su ga idona. Na tuna tuwonta da kullum yakan fi na kowa ƙanƙanta, tana cewa ta ɗanɗana a wurin tuƙi ta ƙoshi. Na tuna zanenta da ta yanke gefe ta ɗinka mini siket ɗin makaranta. Ashe haka take yi da duk abin da yake nata, ta ɗan karye kaɗan kafin ta miƙo, mu kuma ba mu taɓa aunawa ba.

Mama ce ta katse mini tunani. Ta gyara zama ta ce, "To Alhaji, tunda kuɗin ɗaya ne, ba ni wanda ya fi duka girma." Da ƙyar muka shawo kanta ta yarda da wanda ya yi mata daidai, tana ta mita wai an bar wa Alhaji fata a banza. Direba kuwa da ya zo ɗaukarta bayan kwana biyu, na cika masa kwano da shinkafa har da cinyar kaza. Ya yi ta godiya, bai san dalili ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Ranar Lahadi Mama ta riga kowa shiri. Hanyar majami'armu akwai sauran taɓo, don haka ta sa takalmin a leda ta ɗora a kai, ta taka da ƙafa har bakin ƙofa. A nan ta zauna a kan dakali, ta goge ƙafafunta da tsumman da ta taho da shi, ta zura takalmi, ta miƙe. Ta ƙara tsawo. Ta yi taku biyu tana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kunya a gona, sannan ta gane kansa.

Da aka kira mu godiya, na miƙa mata jaririya, muka jeru daga ƙofa, dangi da maƙwabta da abokan aiki a bayanmu. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne kiɗa. Matan zumunta suka saki ganguna da tuluna da kacau-kacau, majami'a ta ɗauki waƙa, ana guɗa, ana rawa. Ko faɗuwar kwano ba za a ji ba, balle diddigen takalmi. Mama ta yi rawarta da jikarta har gaba, fuskarta cike da fara'a, amma na ga sau biyu tana karkata kai ƙasa tana kasa kunne. Fasto ya yi addu'a, ya sa wa yarinya albarka, muka koma wurin zama cikin wani kiɗan.

Bayan an tashi, mutane suka fita waje ana gaishe-gaishe, maigidana ya yi gaba da baƙi don a fara raba abinci a gida. Na duba ban ga Mama ba. Na koma bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, sai na hango ta a ciki ita kaɗai, tsaye a farkon hanyar da ke tsakanin bencuna. Dattijon da ke rufe majami'a yana gefe da makullai a hannu. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu, ya fasa.

Mama ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga kai, ta fara tafiya a hankali. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Majami'ar babu kowa, ƙarar tana tashi har rufin kwano tana dawowa. Ta kai gaba, ta ɗan rusuna, ta juyo ta taho, ba ta sauri ko kaɗan. Da ta iso inda nake ta tsaya tana haki kamar wadda ta dawo daga rafi.

Ta ce, "Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Mama."

Ta dubi dattijon ta ce, "Baba, kana sauri ne?"

Ya mayar da makullan aljihu ya zauna a bencin baya. Mama ta juya ta sake komawa.